Geron Gidan Kawu Sabo

Kanyar Maje, ta Minjibir,
2 ga Yuni, 1985.

Zuwa ga Goggo Zuliha, a Jos.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba Muntaka. Yaya ibada? Mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa. Ƙanwata Sakina ta tashi daga ƙyanda, idonta ne kawai bai gama washewa ba.

Goggo, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Sakina da muke kwana a tabarma ɗaya. Inna ta je gidan Kawu Sabo, kuma ni na raka ta. Ni na ɗauko ƙwaryar a kaina muka dawo.

Wataƙila ba ki ji abin da ya faru bara ba. Bayan gero ya ƙone a gona, Kawu Sabo ya tsaya a bakin masallaci ranar Juma'a ya ce ƙanwarsa tana ramewa a gidan Baba, in Baba ba zai iya ciyar da ita ba ya mayar masa da abarsa. Mutane suna ji. Baba ya dawo gida ya yi wa Inna magana mai nauyi a kan zuwa gidan Kawu. Ina bayan rumbu ina tankaɗe, na ji. Ba zan iya rubuta ta ba.

Daga nan Baba ya tafi ci-rani Kurmi. Abin da ya bari a rumbu bai kai mu ƙarshen bazara ba, muka koma dusa da busasshiyar tafasa. Da ƙyanda ta kama Sakina ba ta iya haɗiye komai sai kunu, kuma babu ƙwayar gero a gidan. Na shiga maƙwabta, kowa ya ce shi ma haka yake. Sai Inna ta aike ni gidan Kawu ni kaɗai. Kawu ya ce shi ba ya ba ɗan aike, in ƙanwarsa tana da bukata ta zo da ƙafarta ya ga yadda aka mayar da ita.

Washegari bayan magariba Inna ta yafa mayafi ta ce, "Ke, ɗauko ƙwarya." Muka bi ta cikin gonaki. Kawu ya sa aka auna mana tiya uku, Inna ta roƙe shi ya rufa mata asiri. Muka kamo hanya. Sai da muka zo ƙofar gida ta tsaya ta ce, "Shi ke nan," sannan ta shiga.

Baba ya dawo gab da azumi. Bai samo abin kirki ba, ya ce can ma aiki ya tsaya. Tun ranar Inna ta bar masa ɗakinta da gadonta, ta dawo ɗakinmu. In ya shigo tsakar gida sai ta ja mayafi ta rufe fuska kamar baƙo ne ya shigo. Abincin buɗa-baki Sakina ke kai masa. Shekaranjiya ya ce wa Sakina, "Ki ce wa uwarku na san ban kawo komai ba, ba sai an nuna mini ba." Bai san an je gidan Kawu ba.

Ni ba a sa ni a magana, kin san yadda ake yi da 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna kuma "ke" take ce mini. Shi ya sa nake ganin abubuwa, ba mai lura ina wurin.

Goggo, ke kina zuwa makarantar matan aure, kuma ke kaɗai kike faɗa wa Baba magana ya yi dariya. Me ake yi in abu ya zama haka? Zan ba Ɗan'auta direba takardar nan, gobe zai yi lodin wake a Dawanau ya nufo wajenku.

Taki,
Sauda.

*

Jos,
14 ga Yuni, 1985.

'Yata Sauda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗi da na ji Sakina ta tashi. A riƙa wanke mata ido da ruwan ɗumi. Mu ma lafiya, sai Babanki Muntaka da tari ya sa a gaba. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ke ce 'yar boko.

Na karanta har sau biyu, kuma ban ga abin tashin hankali ba. Yunwa da azumi da zafi, in suka haɗu a gida ɗaya ko tukunya sai ta yi fushi da murfinta. Ubanki Ja'afaru taubashina ne, na san shi tun yana yawo ba wando. Bakinsa ya fi shi ƙarfi. Ya taɓa rantsuwa ba zai ƙara cin ɗanwake ba don na ce masa acici, kafin la'asar na same shi a bakin tukunya yana lasar hannu. In ya zagi uwarki Hure ko ya zagi Sabo, ba yau aka fara ba, kuma zagi ba ya raba aure. Ita ma Hure tana da nata, in ta yi shiru sai ka ce an rufe rijiya. Kunyar ta je roƙo gidan wanta ce take damunta, shi kuma kunyar dawowa hannu biyu. Da ruwa ya sauka za su shirya.

Ga ƙullin turaren wuta da sabulu mai ƙamshi, ki ba uwarki ki ce in ji ni, ita ta san abin da nake nufi. Garin rogon kuma na kowa ne. Ki gaida Ja'afaru, ki ce na ce ko ya ga teku a Kurmi, ko tsoro ya hana shi matsawa kusa.

Ke kuma ki rage tsayuwa a bayan rumbu. Yarinya ba ta ɗaukar kayan manya.

Goggonki,
Zuliha.

*

Kanyar Maje,
24 ga Yuni, 1985.

Zuwa ga Goggo Zuliha,

Assalamu alaikum. Barka da salla, da fatan an yi lafiya. Allah ya ba Baba Muntaka sauƙi. An yi ruwa sau biyu, an yi shuka. Mun gode da garin rogo, shi muka ci har salla.

Na ba Inna turaren. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗaure, ta sa a ƙasan kwalla ta rufe. Sabulun kuma ta ba mu ni da Sakina. Saƙonki na Baba ban iya faɗa masa ba, Sakina na sa. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Zuliha ba ta girma."

Goggo, laifina ne, ban rubuta miki daidai ba. Ba zagi ba ne. Ga abin da ya ce, Allah ya yafe mini rubuta shi: "Hure, in kika ƙara taka gidan Sabo, a bakin aurenki." Sau ɗaya ya faɗa, ya fita.

Inna ba fushi take yi ba. Ita a wajenta babu aure tun daren da muka ɗauko geron. Shi ya sa take rufe fuska. Ina jin ta in ta idar da salla tana neman gafara don tana zaune a gidan da take ganin ba nata ba ne. Ba ta iya tafiya, don in ta tafi sai an tambayi dalili, kuma ba za a bar mata mu ba. Ba ta iya komawa ɗakinta, don tana tsoron Allah.

Ranar salla Baba ya samo 'yar tsokar nama, ya kawo da kansa har bakin madafa. Rabonsa da zuwa wajen tun dawowarsa. Ya tsaya ya ce, "Ga wannan." Inna ta juya baya ta ce wa Sakina ta karɓa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye a kan turmi ya fita. Da yamma na ji yana faɗa wa Malam Balarabe maƙwabcinmu ta kan danga cewa da ya gama noma zai koma Kurmi, kuma ba ya jin zai dawo da kaka, tunda gidan ya fi sakewa in ba ya nan.

Na yi tunanin wanda za a tambaya a nan. Matar Liman ce mata suke kai wa irin wannan, ita ta tambayi Liman. Amma ita da matar Kawu Sabo uwarsu ɗaya. Kin san garinmu, gida a jikin gida, gona a jikin gona. In aka faɗa da safe, kafin azahar ta kai Minjibir. In Kawu ya ji, murna zai yi, dama abin da yake so ke nan.

Ke kina nesa, ba wanda ya san mu a can. Don Allah ki tambayar mana, ba sai kin faɗi suna ba. Shin auren ya mutu ne?

Taki,
Sauda.

*

Jos,
3 ga Yuli, 1985.

Sauda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tarin ne dai bai sake shi ba. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Na aika turare inda ake bukatar malami. Da kin rubuta kalmar tun farko da ba mu yi asarar wata guda ba, amma ban ga laifinki ba, ni ma da nauyi na karanta ta. Ja'afaru kuwa, Allah ya shirye shi. Mutum ya ɗauki aurensa ya rataya a ƙofar gidan wani, ya kama hanyar Kurmi.

Na sami Malamarmu bayan an tashi karatu, na ce wata 'yar'uwata ce a ƙauye. Ta saurara, ta shiga ta tambayi maigidanta, shi ma malami ne, suka duba littafi. Ga abin da ta ce, ki karanta a hankali.

Saki ya auku ranar da ta taka gidan, ko ya sani ko bai sani ba. Amma ɗaya ne, kuma ni shaida ce bai taɓa sakinta ba kafin wannan. Saboda haka auren bai mutu ba. Tana cikin idda ne, kuma zamanta a gidan daidai ne, nan ya kamata ta zauna, ta daina ganin kanta mai laifi. Yana da ikon mayar da ita da bakinsa, ba sadaki, ba waliyyi, ya sa mutum biyu su shaida. Sharaɗin shi ne idda ba ta cika ba. Malama ta ce tana cika da zarar ta ga al'ada ta uku daga ranar da ta je.

In ta cika, sai sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Waliyyinta kuma, tunda mahaifinsu ya rasu, Sabo ne. Ke kin san ko Sabo zai bayar, kin kuma san ko ubanki zai je ya durƙusa masa.

To amma mutum ba ya mayar da matar da bai san ya saka ba. Dole ya ji. Ki sami lokacin da ya tafi gona ki karanta wa Hure takardar nan daga farko har ƙarshe. Ita ya kamata ta faɗa masa. Ki tambaye ta sau nawa ta gani, ki rubuto mini da wuri.

Ke kada ki ce masa komai. Ba maganar 'ya da uba ba ce, balle 'yar fari. In Hure ta kasa, ni zan zo in zaunar da shi, ba ya iya yi mini musu.

Goggonki,
Zuliha.

*

Kanyar Maje,
8 ga Yuli, 1985.

Zuwa ga Goggo Zuliha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya mai jiki? Mu lafiya. Gero ya fito da kyau, ana noman farko.

Na karanta wa Inna. Tana tsince tsakuwa a faifai, ba ta ɗago ba har na gama. Da na zo wajen da Malama ta ce zamanta daidai ne, hannunta ya tsaya, ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta ce, "Wa ya aike ki ki kai maganata Jos?"

Na ce Goggo ta ce ki faɗa masa. Ta ce, "Zuliha taubashinta ta sani, ni mijina na sani. In ya ji 'ya'yansa sun sha kunun geron Sabo, a tsaye zai cika sauran biyun. Yanzu ko ba komai ina ganinku." Na ce in lokaci ya wuce fa? Ta ce Allah yana nan. Sannan ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Ke, in kika buɗe baki kika faɗa masa, ban yafe miki ba." Ta ci gaba da tsintar tsakuwa.

Tambayar da kika ce in yi mata, ban iya yi ba. Amma ba sai na tambaya ba, ɗaki ɗaya muke kwana. A farkon azumi na gan ta tana shan ruwa a bayan madafa da rana, kwanakin nan ba ta yi salla ba. Bayan salla da 'yan kwanaki ta sake yin fashi. Biyu ke nan. Nata ba ya saɓa lokaci, saboda haka abin da ya rage bai fi mako biyu ba.

Baba yana fita gona tun da asuba, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Ya rame. Ba ya faɗa, ba ya tambaya. Jiya igiyar guga ta tsinke Inna tana jan ruwa, ya zo ya ɗaura ya ajiye a bakin rijiya, ba wanda ya ce wa wani sannu.

Goggo, ki zo. Ko kwana ɗaya ne.

Taki,
Sauda.

*

Kanyar Maje,
17 ga Yuli, 1985.

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu lafiya.

Kullum ina biyawa gidan su Ɗan'auta in na fita tallan daddawa. Mahaifiyarsa ta ce motar ta lalace a hanya, an rasa taya, ba ta san ranar dawowarsa ba. Ban san ko takardata ta same ki ba. Wannan zan ba wani ya jefa a gidan waya a Minjibir, ita ma ban san yaushe za ta iso ba.

Matar Kawu Sabo ta zo duba Sakina. Ta leƙa ɗakinmu ta ga shimfiɗar Inna, ta ce, "Hure, zafi ne ya koro ki, da daminar nan?" Inna ta ce sauro ne ya yi yawa a can. Matar ta yi dariya ta ce ɗakin Inna na gidansu yana nan, an yi masa sabon yaɓe.

Tun jiya Inna take riƙe ƙugu in za ta tashi. Haka take yi in ya kusa.

Ina duba hanya.

Sauda.

*

Jos,
13 ga Yuli, 1985.

'Yata Sauda,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta takwas ga wata ta same ni a asibiti. An kwantar da Babanki Muntaka, tarin ya zama na jini, ni ke jinya. Ba ni da wanda zan bar masa. Na yi alkawari, ga shi na kasa, ki yafe ni.

Na yi ta juya maganar. Na so in rubuta wa Ja'afaru, amma ba ya karatun boko, duk wanda zai karanta masa a garin nan ya ji ke nan, in kuwa ke ce, ai ke kika faɗa. Hure ta fi ni sanin mijinta, wataƙila gaskiyarta ce. Kuma kalmar da ta faɗa miki ba abin wasa ba ce. Ba na so ki ɗauki rashin yafewar uwa a kan abin da ba ke kika ɓata ba. Ki bi maganarta, ki yi shiru. In idda ta cika, in Allah ya tashi kafaɗar mai jiki, zan zo in durƙusa wa Sabo da kaina, ko zai ji kunyata.

In zaman gidan ya yi miki nauyi, ki biyo Ɗan'auta ki taho. Akwai mai koyar da ɗinki a layinmu, ga ni kuma ina bukatar hannu. Zan aika wa ubanki, ba zai hana ni ke ba.

Goggonki,
Zuliha.

*

Kanyar Maje,
4 ga Agusta, 1985.

Zuwa ga Goggo Zuliha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya jikin Baba Muntaka? Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Mu lafiya. Ruwa bai tsaya ba, gero ya kai ƙirjina.

Takardarki ta sha uku ga watan jiya sai shekaranjiya Ɗan'auta ya kawo ta. Da ta zo da wuri wataƙila da na bi maganarki. Ba ta zo ba. Na faɗa masa.

Washegarin ranar da na rubuta miki ta ƙarshe, na karɓi kwanon abincin gona daga hannun Sakina na ce ni zan kai. Na same shi yana maimai a gonar bakin kuka. Na ajiye kwanon, na durƙusa a bayansa, na juya fuskata wajen gero. Ya ga ban tafi ba, ya ce, "Lafiya?" Na ce Inna ta je gidan Kawu Sabo da bazara. Na faɗi ciwon Sakina, da rumbu, da abin da Kawu ya ce wa ɗan aike. Muryata ba ta fita sosai, sau biyu yana cewa in ɗaga.

Ya ci gaba da noma har ya kai iyakar gonar Malam Balarabe, ya juyo ya nomo har inda nake. Sannan ya ce, "Wa ya sha geron?" Na ce Sakina, mu ma mun sha. Ya ce, "Ita fa?" Na ce ba ta taɓa ba, dusa ta ci gaba da ci. Gaskiya ce, ban taɓa lura da ita sosai ba sai da ya tambaya.

Ya ce, "Shi ne take rufe mini fuska?" Na ce e. Ya ce, "Ni na ɗauka raina ni ta yi." Ba ni yake faɗa wa ba, hauyar yake kallo.

Na faɗa masa abin da Malama ta ce. Ya ce, "Har Zuliha ta ji? To na shiga uku da bakinta." Na ce Goggo ta ce lokacin ya kusa ƙarewa. Bai tambaye ni yadda na sani ba, na gode wa Allah. Ya ajiye hauyar a nan ya kama hanyar gari, bai ci abincin ba. Ni na ɗauko hauyar da kwanon.

Bayan la'asar ya zo da Liman da Malam Balarabe, suka tsaya a zaure. Inna tana daka. Ya matso bakin ƙofa ya ce, "Hure, ki ji, su ma su ji. Na mayar da ke." Taɓaryar ta tsaya. Liman ya ce sun shaida, ya yi addu'a, ya ƙara da cewa rantsuwar ta faɗi, daga yau zuwa gidan wanta ba ya taɓa aure. Baba ya ce ya ji. Da suka fita Inna ta ƙarasa dakanta.

Bayan kwana biyu ta yi fashin salla.

Maganar ta zaga gari kamar yadda na ce, ta bakin matar Liman. Kawu Sabo ya ce da ya sani da ya riƙe ta a daren. Shi da Baba har yanzu ba sa gaisawa. Inna ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakinta. Ran nan na ji ƙamshin turarenki a tsakar gida, ban duba daga ina yake fitowa ba. Baba ya daina zancen Kurmi. Bai kira sunana ba, amma ya ce wa Sakina, "Bar waccan ta riƙa kawo abincin gona." Ya ce kuma a faɗa miki ya ga teku, har ya wanke ƙafa a ciki.

Inna ba ta yi mini magana ba tun ranar. Ba ta zage ni ba, ba ta buge ni ba. In tana son abu sai ta ce wa Sakina, "Ki ce wa yayarki." Da ta koma salla na fara ajiye mata ruwa a buta a ƙofar ɗaki da asuba. Tana tsallake shi ta ɗebo nata. Ban je na ba ta haƙuri ba tukuna, don in ta tambaye ni ko na yi nadama ban san abin da zan ce ba, kuma ba na so in yi mata ƙarya.

Na gode da maganar ɗinki, kuma na so in taya ki jinya. Amma na ce wa Ɗan'auta kada ya jira ni. In na tafi yanzu, Sakina ce za ta riƙa kawo mini saƙonta har a takarda. Zan zauna inda take ganina, in ci gaba da ajiye butar, har ranar da za ta ce mini "ke".

Ki gaida mai jiki.

Taki,
Sauda.